Ba kowane guntun ƙashi a hoton radiyo ne karaya ba

Littattafan likitanci sun ce ƙasusuwa 26 ne a ƙafar mutum, daga idon sawu zuwa kan yatsu: 7 a baya wajen dunduniya, 5 dogaye a tsakiya, 14 a yatsu. Ƙafa biyu sun tashi 52 ke nan, wato rubu'in ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Sai dai in za a tara mutum goma a babbar kasuwar Maraɗi a yi wa ƙafafunsu hoton radiyo, da wuya a rasa biyu ko uku da nasu ya zarce wannan lissafi. Wani yana da ɗan ƙashi kamar ƙwayar gero a gefen ƙafa, wani kamar gyaɗa a bayan idon sawu. Binciken da aka yi a Turai da Turkiyya da Japan ya nuna tsakanin mutum 1 cikin 5 da mutum 1 cikin 3 na ɗauke da irin wannan ƙarin ƙashi, kuma an san ire-irensa fiye da 20.

Yawancin masu shi har su koma ga Allah ba su san da zamansa ba. Rigimar tana tasowa ne ranar da mutum ya faɗo daga kabu-kabu, ko ƙafarsa ta lanƙwashe a filin ƙwallo, aka kai shi asibiti aka ɗauki hoto. Sai a ga ɗan guntun ƙashi a ware, a ce ai ga karayar nan. Daga nan sai ɗaurin filasta na wata guda ko fiye, sai barin sana'a, sai kuɗin da ba a shirya kashewa ba, alhali targaɗe ne kawai, ƙashin kuwa tun yana yaro yake nan zaune. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi muni: a ga karaya ta gaske a ɗauke ta a matsayin halitta, a sallami mutum ya ci gaba da takawa.

Daga ina ƙarin ƙashin yake fitowa

Ƙafar jariri kusan duk guringuntsi ce. Ranar haihuwa, cikin ƙasusuwa 7 na baya, ƙashin dunduniya da wanda ke samansa ne suka fara tauri, wani lokaci da na uku. Akwai wanda sai yaro ya kai wajen shekara 3 zai soma. Taurin yana farawa daga ɗigo ɗaya a cikin guringuntsin, ya yi ta faɗaɗa. Wasu ƙasusuwan suna da ɗigo na biyu a gefe, wanda ke bayyana daga baya, ya girma, sannan ya haɗe da babban wajen balaga, kamar yadda ƙauyen bakin gari ke faɗaɗa har birni ya haɗiye shi. A wasu mutane haɗewar ba ta cika ba. Ƙauyen sai ya tsaya da kansa, da ɗan fili tsakaninsa da birni, kuma guringuntsi ko zaren nama ne ke cike wannan filin.

Akwai nau'i na biyu, masu tsirowa a cikin igiyar tsoka, wato jijiyar nan mai ƙarfi da ke haɗa tsoka da ƙashi, a daidai inda take goga wani abu ko take shan kwana. Likitocin Girka na da can sun kamanta su da ƙwayar riɗi, sunan kuma ya bi su har yau. Ƙoƙon gwiwa shi ne babbansu. Kowa kuma yana da biyu ƙanana a ƙarƙashin tushen babban yatsan ƙafa.

Masu nazarin jikin mutum sun san waɗannan abubuwa tun kafin a ƙirƙiro na'urar hoto. Andreas Vesalius, haifaffen Burusel, ya zana ɗaya daga ciki a littafinsa na 1543. Amma ilimi ne na ɗakin fiɗa, bai dami mai duba maras lafiya ba. Abin ya sake ne bayan 8 ga Nuwamba 1895, ranar da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama a garin Würzburg na Jamus. Da aka soma ganin cikin ƙafar mai rai, kowane guntun ƙashi ya zama abin tambaya. Shi ya sa har yau ɗakunan hoto na duniya ke ajiye manyan littattafai na siffofin lafiyayyen jiki masu kama da ciwo. Wanda ya fi shahara, na Ba'amurke Theodore Keats, ya fara fitowa a 1973, an kuma yi ta sake buga shi.

Abin da ke ruɗar ido

Hoton radiyo inuwa ce. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari. Guringuntsi da nama suna barinsa ya wuce, sai su fito duhu-duhu. Ke nan filin da ke tsakanin ƙarin ƙashi da babban ƙashi, ko da a cike yake da guringuntsi mai ƙwari, a kan fim baƙin layi zai fito, kuma haka layin karaya ma yake fitowa.

Likitan hoto yana raba su ne ta duban baki. Sabuwar karaya kamar fasasshiyar ƙwarya take: bakin yana da kaifi da zage-zage, kuma in ka kwatanta ɓangarorin biyu a ranka za ka ga suna komawa juna daidai. Ƙarin ƙashi kuwa kamar tsakuwar gulbi yake, mai santsi, mai zagaye, da farin ɓawo da ya kewaye shi ta ko'ina, har ta gefen da ke fuskantar babban ƙashin. Sabon ɓallin ƙashi ba ya da wannan ɓawo a inda ya ɓalle. Sannan kowane ƙarin ƙashi yana da mazauninsa da aka sani. Idan shakka ta rage, akan ɗauki hoton ɗayar ƙafar, domin sau da yawa abin yana nan a duka biyun, ko da yake rashinsa a can bai isa hujjar karaya ba.

Duk da haka, hujjar da ta fi ƙarfi ba a kan fim take ba. Yatsan likita ne a kan ƙafar. Idan guntun ƙashin yana gefen ciki, ciwon da kumburin kuwa suna gefen waje, to ba shi ne mai laifi ba. Wannan ne ya sa al'adar da ta yaɗu yanzu, ta ɗaga fim a taga a ɗauke shi da salula a tura wa wani ɗan'uwa likita a Yamai ta WhatsApp, take da rauni biyu: hoton ya rage kyau har ba a ganin bakin ƙashin sosai, kuma mai dubawa bai taɓa ƙafar ba. Ba laifi ba ne neman shawara, musamman da yake likitocin hoto ba su da yawa kuma akasarinsu suna manyan birane. Amma a haɗa da bayanin inda ciwon yake daidai, da yadda aka ji raunin, da shekarun mai shi.

A takardar sakamako, wadda da Faransanci ake rubuta ta, wanda ya ga « os accessoire » ko « variante anatomique » ya sani ana nufin ƙarin ƙashi ko bambancin halitta.

Ukun da suka fi kai mutane asibiti

Na farko yana gefen ciki na ƙafa, a ƙasa da idon sawu kaɗan, ta gaba. A nan akwai wani ƙashi da aka yi wa laƙabi da ƙashin kwalekwale saboda siffarsa, kuma a jikinsa ne babbar igiyar da ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa take kamawa. Kusan mutum 1 cikin 10 na da ƙarin ƙashi a wurin. Caspar Bauhin na Suwizalan ya bayyana shi tun 1605. Iri uku ne. Akwai ɗan ƙarami, milimita 2 zuwa 3, a cikin igiyar, wanda bai cika damun kowa ba. Akwai wanda ya haɗe gaba ɗaya ya zama kamar ƙaho a jikin ƙashin kwalekwalen. Na tsakiyarsu shi ne fitinanne: yana iya kai milimita 12, siririn guringuntsi ne kaɗai ya riƙe shi, igiyar kuma tana jansa a kowane taku. Yakan fara ciwo wajen balaga, an fi ganin haka ga ƴan mata, sau da yawa tare da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa. Uwa takan lura da wani ƙullutu mai tauri a gefen ƙafar ƴarta, wanda rufaffen takalmin makaranta ke gogewa har ya yi ja, alhali da silifa ba ta kuka da shi. Hankali yakan tashi, a yi zaton wani mugun tsiro ne. Hoton da aka ɗauka a karkace yana nuna shi sarai. Magani yana farawa da sauya takalmi, da shimfiɗar cikin takalmi mai tallafe tafin ƙafa, da hutu, wani lokaci da ɗaurin makonni kaɗan. In duk wannan bai yi ba ne ake zuwa ga tiyata, a cire ƙashin a gyara zaman igiyar, aikin da Ba'amurke Frederick Kidner ya bayyana a 1929.

Na biyu yana bayan idon sawu, tsakanin gaɓar da agara, ana kiransa ƙashi mai kusurwa uku ko da yake sau da yawa zagayayye ne. Ɗigonsa yana bayyana tsakanin shekara 8 da 13, kuma ga yawancin yara yana haɗewa cikin shekara guda. Ga wanda bai haɗe ba, ƙashin yana zaune lafiya muddin ƙafar tana tafiyarta ta kullum. Matsala tana zuwa ne idan ana yawan miƙe ƙafa ƙasa iya miƙewarta, domin a lokacin ƙarshen ƙashin ƙwauri da ƙashin dunduniya suna matsowa juna su danne shi a tsakani, kamar gyaɗa a bakin filaya. A Turai an san ciwon da masu rawar nan ta tsayuwa a kan yatsu. A nan ƙasar ɗan ƙwallo ne ya fi kusa da shi, domin haka ƙafa ke miƙewa duk lokacin da aka buga ƙwallo da bayanta. Mai irin wannan ciwo yana iya jinsa har a zaman tahiya, lokacin da ya shimfiɗa ƙafa ya zauna a kanta. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan agara, a yi ta shafa mata magani. Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne, ga wanda nasa ya haɗe, ƙahon da ya zama yana iya karyewa, kuma karayar a hoton gefe kusan kamarsu ɗaya da ƙarin ƙashin. Nan ne hoton radiyo ke yawan gazawa.

Na uku shi ne wurin da aka fi yin kuskure ga yara. Wanda ya shafa gefen waje na ƙafarsa, daga ƙaramin yatsa zuwa baya, zai ji wani tudu a tsakiyar hanya. Tushen dogon ƙashi na biyar ke nan. Idan ƙafa ta lanƙwashe ciki, nan ne ke yawan ɓallewa. Amma a daidai wurin, ƴan mata masu shekara 9 zuwa 11 da yara maza masu 11 zuwa 14 suna da ɗigon girma da bai riga ya haɗe ba, mai kama da ɓawon gyaɗa a manne. Ƙa'idar da ake koya wa ɗaliban likitanci mai sauƙi ce: layin girma yana bin tsawon ƙashin, layin karaya yana gitta shi. A wurin kuma akwai ƙarin ƙashin da aka sa wa sunan Vesalius, sai dai da wuya ake samunsa, bai kai mutum 1 cikin 100 ba, don haka likitan da ya ga guntu a nan ga baligi bayan faɗuwa ya kamata karaya ta fara zo masa a rai. Ɗan gaba kaɗan da tushen akwai wata karaya da ba a wasa da ita, domin jini ba ya isa wurin sosai kuma tana jinkirin haɗewa. Sunanta karayar Jones, daga likitan ƙashi Robert Jones na Libaful a Ingila, wanda ya bayyana ta a 1902 bayan shi da kansa ya yi ta yana cikin rawa.

Sauran ba su kai waɗannan yawan rigima ba. Akwai ƙwayar riɗi a gefen waje, cikin igiyar da ke ratsa ƙarƙashin ƙafa. Takan zo a rabe biyu tun asali, amma idan aka ga ta bar mazauninta ta koma baya, alama ce igiyar ta tsinke. Ƙwayoyin riɗi biyun nan na ƙarƙashin babban yatsa ma, ɗaya takan zo a rabe, galibi ta gefen ciki, kuma rababbiyar takan fi ƴar'uwarta girma in an haɗa ɓangarorinta. Akwai wani ɗan ƙashi a ƙarƙashin idon sawu na waje, wanda wani lokaci halitta ne, wani lokaci kuma tsohon ɓalli ne na targaɗen yarinta da aka manta da shi. Mutane da yawa kuma gaɓa biyu ce a ƙaramin yatsansu maimakon uku, ba tare da wata illa ba.

Halitta takan yi akasin ƙari ma: ƙasusuwa biyu na bayan ƙafa su zo a manne. Kusan mutum 1 cikin 100 ne, kuma rabinsu a ƙafa biyu. Ba a lura da shi sai mannin ya fara zama ƙashi, tsakanin shekara 8 da 16, sai ƙafar ta sandare, tafin ya shimfiɗe, yaro ya riƙa yawan targaɗe a kan hanya marar daidai. Yaron da ke targaɗe a kai a kai a ƙafa guda ya cancanci a duba masa wannan.

Wace na'ura, kuma yaushe

Radiyo ce farko, kuma ga yawancin mutane ita ce ƙarshe. Sai dai hoto ɗaya ba ya isa. Ana bukatar na gaba da na gefe, sau da yawa da na karkace, domin ƙashin da ya ɓuya a bayan wani a hoto ɗaya yana fitowa a ɗayan. Hasken da ƙafa ke sha a hoto guda kaɗan ne ƙwarai, bai kai wanda jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama a yini ɗaya ba, amma mai juna biyu ta faɗa wa mai ɗaukar hoton kafin a fara.

Sikana tana yanka ƙafar filla-filla a hoto, don haka ita ce ke nuna bakin ƙashi da kyau, ta raba ƙarin ƙashi da karaya, ta kuma nuna ƙasusuwan da suka manne. IRM tana amsa wata tambaya dabam: shin wannan ƙashin ne ke ciwo? Tana ganin ruwan kumburi a cikin ɓargo da guringuntsi da igiyoyin tsoka, abin da radiyo ba ta gani sam. Ƙarin ƙashin da ke zaune lafiya ba ya nuna komai, wanda ake dannewa kuwa yana haske. Eko, wadda aka fi sani da duban ciki, tana da amfani a nan fiye da yadda ake zato: tana nuna igiyoyin tsoka, ana iya motsa ƙafar ana kallo, kuma mai dubawa yana ɗora kan na'urar daidai inda maras lafiya ya nuna. Ta fi sikana da IRM araha da sauƙin samu, sai dai sakamakonta ya danganta da gwanintar hannun da ke riƙe da ita.

Sikana da IRM sai manyan asibitoci, ga tsada ga tafiya. Amma akwai hanyar da ba ta cin kuɗi sosai: a tallafe ƙafar, a hana ta ɗaukar nauyi, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Karaya ta gaske tana sauya kama a wannan tsakani, layin ya ƙara fitowa, daga baya sabon ƙashi ya soma taruwa. Ƙarin ƙashi yana nan yadda yake.

Ba ma kowane targaɗe ne ke bukatar hoto ba. A 1992 likitocin Otawa a Kanada, ƙarƙashin jagorancin Ian Stiell, sun fitar da ƙa'idar da asibitocin duniya ke bi, bayan sun lura cewa cikin masu zuwa da raunin idon sawu, waɗanda suka karye ba su kai 15 cikin 100 ba. Ana yin hoto idan mutum ya kasa yin taku 4, ko idan an danna bayan ƙashin idon sawu na ciki ko na waje, daga ƙarshensa zuwa santimita 6 sama, ya ji zafi, ko kuma zafin yana kan ƙashin kwalekwale ko tushen dogon ƙashi na biyar. Wurare biyun nan na ƙarshe su ne dai mazaunin ƙarin ƙasusuwan da aka ambata a sama, shi ya sa ake yawan cin karo da su a fim. Ƙa'idar ba ta aiki ga wanda ciwon suga ya kashe wa jin ƙafa, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko ƙaramin yaro da ba ya iya nuna inda ke masa ciwo.

Mutane da yawa daga ɗakin hoto gidan maɗori suke wucewa da fim ɗinsu a hannu, wasu maɗoran ma su ne ke turo mutum ya yi hoton. Ga wanda ƙarin ƙashi ne da shi, ɗori ba ya da abin da zai haɗa, murza da ja kuwa na iya yage guringuntsin da ke riƙe da ƙashin, ciwon kwanaki ya koma na watanni. Ko wane ne ya yi ɗaurin, na gida ko na asibiti, idan yatsu suka yi sanyi, suka sauya launi, suka daina ji, ko zafin ya yi ta ƙaruwa, a sassauta shi nan take a nufi asibiti, domin ɗauri mai tsanani a kan ƙafar da ke kumbura yana tare jini, kuma likitocin tiyata a Nijar da Najeriya sun sha yanke gaɓoɓin da suka ruɓe ta wannan hanya.

Wanda aka taɓa gaya wa yana da ƙarin ƙashi ya riƙe sunansa da ƙafar da yake, ya kuma adana fim ɗin da takardar sakamakon a cikin ambulan ɗinsu, a shimfiɗe, nesa da rana da laima. Idan ya sake faɗuwa bayan shekara biyar, likita zai ɗora tsohon hoton kusa da sabon, ya ga ko guntun yana nan tun da, da girmansa, a mazauninsa.